Jinjina ga Masu Gadin Juyin Juya Hali

Ranku ya daɗe, zaratan shingen dare! Manyan maza, iyayen gidan unguwa, alƙalan da ba su ɓata ƙuruciya wajen karatun shari'a ba, sojojin da bariki bai wahalar ba. A kwanakin nan samarin Garo da Kabo da Gwarzo sun duƙufa kallon Burkina Faso a waya, suna sha'awar 'yan sa-kan gwamnati da ake wa horon mako biyu a miƙa musu bindiga, suna fatan ina ma a raba irinta a kowace majalisa. Fata ne mai kyau. Sai dai ya kamata a gabatar musu da magabatan wannan fanni, don kada alheri ya wuce ba a yaba ba.

A daren 4 ga Agusta 1983, da Kyaftin Thomas Sankara ya karɓi mulkin ƙasar, ya yi kira ta rediyo a kafa kwamitocin kare juyin juya hali ko'ina, waɗanda aka sani da CDR. Daga Kyuba aka ɗauko samfurin, inda Fidel Castro ya kafa nasa a 1960. Nan da nan suka tsiro a ƙauye da ofis da makaranta, aka yanka birnin Wagadugu yanki 30, kowane da kwamitinsa.

Dubi tsimi da tanadi! Ƙasashe marasa dabara sai su ɓata shekaru suna horar da ɗan sanda, su ɓata wasu suna karantar da alƙali, sannan su jira mai unguwa ya yi furfura. Can kuwa saurayi guda aka ɗora wa duka ukun, kuma ya ɗauka bai ko yi nishi ba. Da safe shi ke rabon gardamar gona, tun da an karɓe iko daga hannun sarakunan gargajiya. Da rana ya binciki wanda bai fito aikin gayya ba. Da dare ya tsare hanya ya tambaye ka takarda, ya juya ta sama da ƙasa, ya gane laifinka. Karanta ta ba dole ba ne ga wanda aka ba irin wannan basira.

Basirar ce ma abin al'ajabi. Talaka gama-gari zai shekara da maƙwabci bai san maƙiyin al'umma ne ba. Ɗan kwamiti kallo ɗaya ya ishe shi. Kuma ikon Allah, sau da yawa sai a tarar maƙiyin nan shi ne mai binsa bashi, ko wanda suke neman yarinya ɗaya, ko shugaban ofishin da ya taɓa hana shi takardar man fetur. Wa ya isa ya shirya irin wannan dacewa? Baiwa ce, ba a koyonta.

Ilimi ma bai tsira daga alherinsu ba. A Maris 1984 malaman firamare suka yi yajin aiki, gwamnati ta sallami fiye da dubu ɗaya, aka cike gurbinsu da matasan juyin juya hali bayan horon 'yan kwanaki. Mu nan yaro sai ya kwashe shekara uku yana neman NCE, iyayensa suna sayar da buhun masara, alhali an riga an tabbatar a aikace cewa wanda ya iya ɗaga dunƙulallen hannu ya iya riƙe alli. Haka kotunan jama'a da aka buɗe a Janairun wannan shekara, inda 'yan kwamiti ke zama cikin masu yanke hukunci: an hutar da wanda ake tuhuma daga kuɗin lauya, domin babu lauyan, aka kuma karrama shi da sa muryarsa a rediyo, duk ƙasa ta ji.

Masu son rage musu daraja kan tsaya a kan rigakafin yara na ƙarshen 1984, da rijiyoyi da ajujuwan da suka gina. An yi, ba a musu. Amma wannan aikin kowane mai cebur ne. Girman namiji yana wurin da dattijo ya hango shi ya sauya hanya.

Shaida mafi tsada daga bakin mai gidan ta fito. A babban taronsu na farko, a 1986, Sankara da kansa ya tsaya gabansu ya lissafa masu yawo da makami don burga, da masu huce haushin kansu da sunan juyin juya hali, da waɗanda suka zama dodanni a ma'aikatu. Wane bara ne ubangidansa ya san aikinsa dalla-dalla haka? Su ma ba su ba shi kunya ba: a Mayu 1987 suka kama jagoran ƙwadago Soumane Touré, tsohon abokin Sankaran, don a san ba su da sani ba su da sabo.

Kambun duka shi ne 15 ga Oktoba 1987. Ran nan sojoji suka harbe Sankara da mutum 12 a Wagadugu, aka binne su da dare, Blaise Compaoré ya hau. Shekara huɗu ana atisaye domin wannan rana, ga bindigogi a hannu, ga sunan aikin a rubuce a ƙofar kowane ofishinsu. Marasa natsuwa da sun yi gaggawa. Su kuwa, manyan masu haƙuri, sarakunan kawaici, masu sanin darajar harsashi, suka adana shi don masu yawon dare. Da sabon shugaba ya rushe kwamitocin a 1988 ya kafa wasu da sabon suna, da yawansu suka je da wuri suka kama layi, kada juyin juya hali ya kwana ba mai gadi.