Gyatsar Oga da Gyatsar Masinja

Ma'aikacin gwamnati a ƙasar nan yana da mataki, daga na 01 har zuwa na 17, kuma kowa ya san albashi da alawus da faɗin kujera duk matakin nan suke bi. Abin da aka manta ba a rubuta a kundin dokokin aiki ba shi ne, ƙarar da jikin ma'aikaci yake fitarwa ita ma da matakinta. Gyatsa ɗaya Allah ya halitta, amma da ta shigo ofis sai muka raba ta gida biyu.

Akwai wani ofishi a yankinmu na Dodoru, cikin ƙaramar hukumar Gwandu, wanda ba zan kama sunansa ba don har yanzu ina da bukatar inuwar dogonyaron ƙofarsa. Ɗaki ɗaya ne, mutum bakwai, tebur huɗu, fanka ɗaya mai juyawa idan ta ga dama. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya Oga yake isowa, bayan ya gama da kwanon fura mai kauri. Zai zauna, ya gyara babbar riga, ya jawo fayil, sannan ya saki wata gyatsa tun daga cibiya, irin wadda mai shara yake ji daga bakin titi. Nan take ɗakin zai ɗauka:

"Alhamdu lillahi, rankai daɗe!"

"Lahiya ta ƙaru, yallaɓai."

Akawu, wanda takardar ƙarin girmansa take kan teburin nan tun bara, har miƙewa yake yi rabi. "Wagga gyatsa ta mai lahiya ta, yallaɓai. Allah shi ƙara nisan kwana."

Bayan rabin awa sai masinja, ɗan mataki na 03, wanda ya karya da ƙosai biyu da ruwan leda, ya yi wata 'yar ƙarama a bayan tafin hannunsa, wadda in ba ka kasa kunne ba ma ba za ka ji ta ba. Akawun nan dai shi zai ajiye biro. "Kai yaro, mi kaka yi haka? Nan ohis na, ba tasha ba ta. Babu wanda ya koya maka ladabi?" Sauran su girgiza kai, a shiga zancen lalacewar tarbiyyar yaran zamani. Yaron zamanin nan kuwa jikokinsa biyu.

Haka abin yake tafiya a kowane fanni. Oga ya yi minshari bayan azahar, ƙarar tana tashi tana sauka kamar injin ban-ruwa a fadamar shinkafa, sai a ja ƙofa a hankali a ce wa mai neman sa hannu, "Yallaɓai na nazari, ka dawo gobe." Maigadi ya yi gyangyaɗi ɗaya, an fara neman takardar tuhuma. Oga ya yi kaki ya tofar ta taga, hunturu ne ya kama bawan Allah, a aika a sayo masa citta da kanumfari. Mai buga takardu ta ja majina sau biyu, an fara matsar da kujeru ana tambayar ko ta je an duba ta.

Amma duk waɗannan ƙananan alhaki ne idan aka zo maganar ciki. Ciki ba ya karɓar cin hanci, ba ya kuma jin tsoron kowa. Wanda yake son sanin kwanan wata a ofis ba ya bukatar kalanda, ya yi shiru kawai ya saurara. Daga ɗaya ga wata zuwa biyar, cikin kowa shiru, sai gyatsar tsire da lemon kwalba. Daga goma zuwa ashirin, sai ka fara jin ɗan gunaguni nan da can. Daga ashirin da biyar kuwa, kafin wayoyi su fara ƙarar shigowar albashi, ɗakin ya zama majalisa: na kusa da taga ya kawo ƙuduri, na kusa da ƙofa ya goyi baya, na tsakiya ya nemi a yi gyara. A shekarar 2024 Gwamna Nasir Idris ya amince da naira 75,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi a Kebbi, sama da 70,000 na tarayya, ma'aikata suka yi murna. Cikinsu dai ya ce sai ya ji farashin mudun shinkafa kafin ya sa baki.

Kuma ciki ya san lokacin da zai yi magana. Ba ya yi sa'ad da ake hayaniyar siyasa ko musun ƙwallo. Jira yake a ɗauke wuta, fanka ta yi juyinta na ƙarshe ta tsaya, baƙo daga Birnin Kebbi ya buɗe littafin bincike ya ce a yi shiru zai karanta sakamako. A daidai wannan gaɓar zai ja dogon kuka mai hawa uku, da 'yar tambaya a ƙarshe. Mai cikin ya danna gwiwar hannu a kai, ya yi tarin ƙarya don ya rufe, amma tarin kullum a makare yake zuwa, sai a ji su biyun ɗaya bayan ɗaya. Wani abokin aikinmu ya samo dabara: da zarar cikinsa ya yi kuka sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Azumin Litinin nika yi." Sai a ce masa Allah shi karɓa. Ranar da ya faɗa ranar Laraba ma an ce masa Allah shi karɓa, don babu mai son a fara bincike. A watan Ramadan kuwa kukan nan da ake jin kunyarsa shi ne shaidar mutum, wanda cikinsa ya yi shiru har la'asar shi ake yi wa kallon zargi.

To, sai babbar baƙuwa, wadda ba a kiran sunanta gaban surukai. Tusa nake nufi, a yi mini afuwa. Iri biyu ce. Mai ƙara tana da gaskiya, ta faɗi inda ta fito, mai ita ya sha kunyar minti biyar a wuce wurin, ko da yake sai ya fara ɗora wa kujera laifi tukuna. Zai jawo ta kiii, ya tura ta, ya karkata, yana neman ta maimaita sautin don a shaida. Kujerar da take kuka kullum ba a tambaye ta ba, ranar nan sai ta kame bakinta. Marar ƙarar ita ce munafuka. Ba sallama, ba sanarwa, sai dai ka ga hancin mutane yana motsi ɗaya bayan ɗaya, daga gabas zuwa yamma. Nan take kowa ya zama mai aiki tuƙuru, fayilolin da suka shekara ba a taɓa ba a buɗe su. Hajiya mai kula da kuɗi ta jawo kwalbar humra daga jaka ta shafa a gefen mayafi ba ta ce uffan ba, wanda ya fi kowace takardar tuhuma zafi. A ƙarshe idanu su taru a kan wanda ya fi kowa ƙanƙantar mataki. Idan kuma iskar daga wajen teburin Oga ta taso, kuma kowa ya san daga nan ta taso, sai akawu ya leƙa taga ya ce, "Lalle magudanar bayan nan tana son gyara."

Kada wani ya ɗauka mu kaɗai ne da wannan fama. A Amurka, a watan Disamba na 2012, hukumar kula da fanshon tsofaffi ta ba wani ma'aikacinta na birnin Baltimore takardar gargaɗi mai shafi biyar a kan wannan magana. A ciki an jera ranaku 17 da lokuta 60, kowane da awarsa da mintinsa. Ku duba fa, akwai wanda aka biya albashi ya zauna da agogo da biro yana jiran abokin aikinsa ya motsa. Da labarin ya kai kunnen manya sai suka janye takardar, duniya kuma ta yi dariya. A Kenya, a watan Agusta na 2019, mai jagorantar zaman majalisar gundumar Homa Bay, Edwin Kakach, sai da ya dakatar da zama na minti goma ya aika a nemo turaren fesawa, 'yan majalisa suna nuna juna da yatsa, kowa yana rantsuwa ba shi ba ne. A Malawi kuwa, a 2011, ministan shari'a George Chaponda ya shiga rediyo ya ce wani sabon ƙudurin doka zai hana sakin iska a bainar jama'a. Sai da wani babban lauyan gwamnati ya fito ya ce a'a, gurɓata iskar gari dokar take nufi. Da a ce ta tabbata ta kuma iso nan, da kotun yankinmu ba ta ƙara samun sukunin shari'ar gona ba.

Likitoci su ba su ga abin tada jijiyar wuya ba. Sun ce lafiyayyen mutum yana sakin iska tsakanin sau 10 zuwa 20 a yini, da mai rawani da mai hula. Lissafin ɗan firamare: aiki daga takwas zuwa huɗu kashi ɗaya ne cikin uku na yini, a ɗaki mai mutum bakwai kuwa, ai ka ga an haura talatin kafin a tashi. Wanda aka kama ɗaya ne, saura ƙwararru ne kawai. Wake yana ɗauke da wani nau'in sukari da hanjin ɗan Adam ba ya iya narkarwa, sai ya gangara babban hanji, ƙwayoyin halittar da ke can su yi biki a kansa, iskar kuma ita ce hayaƙin bikin. Albasa ma tana da irin nata. Mu da Aliero, garin albasa, take nan kusa da mu, mu da karin kumallonmu ƙosai, na rana shinkafa da wake da yankakkiyar albasa a sama, na yamma ɗanwake ko alale, wa za mu kai ƙara? Kukan ciki shi ma aikin lada ne: idan babu abinci, hanji yana sharar kansa kusan kowace awa ɗaya da rabi zuwa biyu. A wasu ofisoshin shi kaɗai ne yake aikinsa a kan lokaci. Mai matse iska don kunya kuwa kumburin ciki yake saya wa kansa, kuma wani kaso na iskar jini yake kwashewa ya fitar ta numfashi, ta fito dai ta ƙofar gaba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, muna zaune a ƙasar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, inda ko yaro ya san farillan alwala da abin da ke warware ta, amma mun juya karatun a ofis. Malamai suna karantar da mu cewa Manzon Allah (SAW) ya yi wa mutane faɗa a kan yi wa wanda iska ta kufce masa dariya, tunda abu ne da kowa yake yi. Sun koya mana cewa wanda alwalarsa ta warware a sahu ya kama hancinsa ya fita, don a rufa masa asiri. Sun kuma kawo cewa an taɓa ce wa wani mai yawan gyatsa a majalisi ya rage. Wato wadda muke yi wa kirari ita aka tsawatar a kai, wanda muke yi wa dariya shi aka ce a suturta.

Akwai kuma wanda ya fi kowa ƙorafi, kowane ofis yana da irinsa. Shaƙuwar wani tana hana shi lissafi, hammar wani tana sa masa ciwon kai, numfashin na kusa da shi ma ya yi masa ƙarfi. Gaskiya akwai masu lalurar da likitoci suka raɗa wa suna misofoniya a 2001, waɗanda ƙaramin sauti irin na tauna yake tayar musu da hankali ba da son ransu ba, kuma su abin tausayi ne. Amma namu mutumin ba ya cikinsu. Shi ne mai waya biyu, kowace da waƙar ɗan takara a matsayin kira, yana amsawa a lasifika har mu san nawa ake bin ƙanin matarsa. Shi ne mai ɓantarar goro ƙaras-ƙaras, ya tsotsi haƙori, ya yi sakace da murfin biro. Duk waɗannan da gangan yake yi, babu wanda ya fi ƙarfinsa. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa. Wanda shaƙuwa ta kama minti uku ya dame shi, alhali wani manomi a Amurka, Charles Osborne, ya yi ta tun daga 1922 har 1990, ya yi aure ya haifi 'ya'ya a cikinta.

Don haka ina da roƙo. Uwargida, a jiƙa waken nan ya kwana, a zubar da ruwan kafin a ɗora. Wanda kumburi da gyatsa suka zame masa kullum, ga ciwo ga rama, ya daina fakewa da kujera, asibiti yana nan Kalgo, akwai kuma a Birnin Kebbi. Masu tsara kasafin kuɗin baɗi, kafin labulen ofishin shugaba, a taimaka a gyara mana tagogin da suka ƙi buɗuwa tun zamanin tsohuwar jihar Sakkwato. Kai kuma mai karatu, ranar Litinin idan ka ji wani abu daga teburin maƙwabcinka, riƙe idonka a kan fayil, ka ci gaba da rubutu. Kafin a tashi aiki kai ma za ka bukaci ya yi maka haka.