Alhaji Mai Intanet

Akwai mutanen da Allah ya hore wa baiwar tambaya. Kafin su taka ƙasar da ba su sani ba, sai sun ji kuɗin mota, kuɗin abinci, har da inda ake sayen ruwan sha. Ni ba na cikinsu. Ni ake tambaya, kuma ko ban san amsa ba, ba na barin mutum ya tafi hannu rabbana. A unguwarmu ni ake kawo wa waya in ta ƙi tashi, ni nake buɗe wa dattawa WhatsApp, ni na taɓa yi wa limaminmu bayanin tauraron ɗan'adam har muka kusa makara Magariba. To mai irin wannan matsayi, fisabilillahi, wa zai je ya durƙusa wa ya ce a koya masa amfani da waya a Saudiyya?

Tun kafin tafiyata Umara a farkon 2024 ina da dabaru biyu da nake taƙama da su a majalisa. Ta farko, na ɗaure layina da asusuna na banki, ta yadda da zarar kati ya kusa ƙarewa banki zai sake loda min da kansa, ba sai na ɗaga ko ɗan yatsa ba. Na sha faɗa wa abokai cewa ni na wuce matakin cewa "ba ni da kati". Ta biyu, na sa an dakatar da alat ɗin da banki ke turo min ta saƙon waya, saboda naira hurhuɗun da ake cira a lokacin a kan kowane saƙo ta tsaya min a rai. Na ce a riƙa turowa ta imel, wanda rabona da leƙa shi tun ranar da aka buɗe min. Riƙe waɗannan biyun a ranka, ɗan'uwa. Kowacce ita kaɗai ba ta da laifi. Haɗuwarsu ce masifa.

Da muka sauka Jidda, shugaban tawagarmu ya ce kowa ya je ya sayi layin ƙasar. Na leƙa na ga jerin gwano: a karɓi fasfo, a ɗauki hoton yatsa, a jira. A gaba-gaba har da wata dattijuwa 'yar tawagarmu da muke kira Inna, wadda ko sunanta ba ta iya karantawa a fasfo, tana riƙe da 'yan riyalolinta a ƙulle a bakin mayafi. Ta ce, "Alhaji, zo ka tsaya a bayana." Na yi murmushin manya na ce, "Inna, ku dai ku saya. Ni layina na duniya ne." Na shiga saitin waya na kunna abin da masana irina ke kira romin, wato layinka na gida ya ci gaba da aiki a ƙasar waje. Wayar, baiwar Allah, ta fito da gargaɗi cewa hakan na iya jawo caji mai yawa, ta tambaye ni ko na tabbata. Na danna "e" da irin ƙarfin da ake danna wa yaro goshi. Saƙo kuma ya shigo daga kamfanin layina yana yi min maraba da zuwa Saudiyya, da wasu lambobi jere a ƙasa. Maraba na karanta. Har na nuna wa na kusa da ni, na ce, "Ka ga, har sun san na iso."

Daga nan tauraruwata ta fara haskawa. A lokacin, kiran murya da na bidiyo ta WhatsApp ba ya shiga yadda ya kamata a layukan can, amma a tawa wayar garau yake tafiya. Ban san dalili ba, sai dai na ba da dalilai har kala uku ga duk wanda ya tambaya. Kafin mu kwana biyu a Makka labari ya zaga otal: akwai wani Alhaji a hawa na sama mai intanet ɗin da ba ta ƙarewa. Aka fara ƙwanƙwasa min ƙofa. Wannan zai kira matarsa, wancan zai nuna wa 'ya'yansa dogon ginin agogon nan mai tsayin mita 601, wata Hajiya kuma jikarta ce ta haihu, dole a nuna mata jaririn ta kowace kusurwa. Na buɗe hotsfot, na sa lambar sirri mai sauƙi don kada dattawa su wahala, daga baya ma na cire ta gaba ɗaya, ina lissafin cewa alheri a Makka lada ninkin-ba-ninkin ne. Otal ɗin yana da waifai kyauta, amma sai ka sauko ƙasa wajen masu karɓar baƙi yake kamawa sosai, ni kuwa ban ga yadda za a yi mutum kamata ya zauna a kujerar jama'a yana leƙen waya ba.

Ranar da muka hau jirgin ƙasan nan mai gudu da aka buɗe a 2018, mai cin tafiyar kilomita 450 tsakanin Makka da Madina cikin 'yan sa'o'i, ranar na kai ƙololuwa. Na jingina waya da taga, na kira majalisarmu ta bidiyo, na yi musu sharhin hamada kai tsaye: ga dutse, ga wani dutsen, ga raƙumi can nesa ko kuwa itace ne. Rabin taragon kuma suna rataye a hotsfot ɗina, wasu na neman izinin shiga Rauda ta manhajar Nusuk, wani yaro a bayana na kallon ƙwallo. Na ji wani yana tambaya, "Wai wane ne wannan bawan Allah?" aka ce masa, "Ai Alhaji Mai Intanet ke nan." Wallahi na gyara zama. Can ƙasan zuciyata wani abu ya ce, anya? Sai na duba kati, na ga akwai kuɗi. Kullum na duba akwai kuɗi. Na ce lallai albarkar wuri ce.

Ana jibi za mu dawo, bayan mun koma Makka, na jagoranci tawaga zuwa sayen tsaraba, tunda ni ne masanin gari. Muka shiga shagon wani matashi, cikin Hausawan nan da aka haifa a Makka, wanda ke karɓar tiransifa da naira. Na sa aka sauko min da jallabiyoyi, abayoyi na uwargida da surukata, dabinon ajwa, turare, carbi dozin-dozin, dardumar liman. Na ƙi taya komai, don kada a ce Alhaji Mai Intanet yana ciniki. Yaro ya buga lissafi, na zaro waya a gaban jama'a, na ɗaga ta yadda kowa zai gani, na buɗe manhajar banki. Na ga naira dubu biyu da 'yan kai. Na rufe na sake buɗewa. Na goge gilashin waya da hannun riga. Na ce, "Netwok ne." Wani daga baya ya ce, "Haba Alhaji, netwok ɗinka?" Na shiga jerin kuɗin da suka fita, sai ga su sahu-sahu kamar masu jiran sallar Idi: sayen kati, sayen kati, sayen kati, dare da rana, har da lokutan da nake barci. Kuɗin tsaraba sun tafi, kuɗin makarantar yara na zango mai zuwa sun bi su, har da adashin da uwargida ta ba ni ajiya saboda, in ji ta, hannuna ya fi nata riƙo.

Mai shagon ya karɓi wayar ya duba, ya girgiza kai. Ya ce, "Baba, datar da ka saya a Najeriya ai ba ta aiki a nan. Tun daga filin jirgi kamfanin nan ƙasar ne ke ɗauke da layinka, shi ya caji kamfaninka da kuɗin waje, naka kuma ya cire daga katinka megabayit-megabayit. Ga shi nan sun rubuto maka farashin ranar da ka sauka." Ya nuna min lambobin da ke ƙarƙashin marabar nan tawa. Ya ce giga ɗaya megabayit dubu ne da ɗoriya, in ninka in gani. Ya ce kiran WhatsApp ɗin da nake taƙama da shi yana shiga ne don datata sai ta koma ta Najeriya kafin ta fita duniya. Ya nuna min yadda wayar ke kwashe duk bidiyon da na ɗauka tana ajiyewa a intanet cikin dare, tana sauke duk abin da aka turo a zaurukan WhatsApp ɗin da nake ciki, har da wa'azin awa guda da tallan maganin basir. Sannan ya ƙara min da karatun canji: riyal a ɗaure yake da dala, riyal 3.75 duk dala ɗaya, ita kuwa naira tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 take gangarawa, ga dala ta haura naira 1,500. Duk wannan bayanin a gaban tawagata aka yi shi, da Hausar Makka, daga bakin yaron da bai kai babban ɗana ba. Ni kuwa ina ta gyaɗa kai ina cewa, "E, haka ne, haka ne," kamar ni na aike shi ya faɗa.

Aka mayar da kaya kan kanta ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka sha intanet ɗina kowa ya sami abin kallo a rufin shago. Inna ce kaɗai ta matso, ta kwance bakin mayafi, ta ce, "Ungo, ɗan nan, ka sayi ko dabino ne, kada ka shiga gida haka." Daga Alhaji na koma ɗan nan. Da layinta, wanda har lokacin datarsa ba ta ƙare ba, na yi wa uwargida saƙon murya daga kujerar jama'ar nan ta ƙasan otal. Na fara da ƙaddara, na bi ta kan jarrabawar mumini, na ɓullo ta lalacewar naira. Amsarta gajeriya ce: "Baban yara, adashin nawa ma jarrabawa ya tafi?"

Tsarabar da na raba a unguwa, in ban da ruwan Zamzam da dabinon Inna, duk a Kantin Kwari na ɗauko ta bashi washegarin saukarmu. Surukata ta shafa abayarta ta ce kayan Makka ko a hannu daban suke. Na ce ƙwarai kuwa, Hajiya, ai sai wanda ya sani.

Kwanan baya Inna ta kira ni. Bayan gaisuwa ta ce ƙanenta zai tafi Umara bana, kuma ta ba shi labarin irin alherin da na yi wa jama'a, shi ne take roƙo ko zan ba shi aron layin nan nawa na duniya. Ka san abin da ya fi ba ni tsoro? Sai da na ji bakina ya ce, "Ai ba komai, Inna, ya zo ya karɓa."