Husufin 2006 Daga Saman Kwano

Tun ana saura mako guda rediyo ke ta shela cewa ranar Laraba, 29 ga Maris, 2006, za a yi husufin rana, kada kowa ya firgita, kada kuma a ɗaga kai a kalle ta haka kawai. Da ranar ta zo, ba a daɗe da gama ƙidayar jama'a ba, kowa ya gaji da zaman gida, amma ni sai na ƙara wa kaina kwana. Ina cikin masu kwana a Suleja su yi sammakon aiki Abuja, don haka na aika ofis cewa jikin ba daɗi.

Na riga na ji cewa inuwar wata za ta shigo ta Ghana da Togo da Benin, ta ratsa Shaki, ta bi ta Gusau da Katsina, ta wuce Maraɗi har Libiya da Turkiyya. Mutanen can ne za su ga dare da hantsi. Mu a gindin Dutsen Zuma ragowa za mu samu, rana za ta ciwu sosai amma ba za ta rufe ruf ba. Duk wannan na zayyana wa iyalina da daddare, da lemo a hannun dama a matsayin duniya, tocilan a hagu. Ƙaramin ɗana ya saurara da kyau, da na gama ya ce a ba shi duniyar ya sha.

Da safe na zare gilashin taga guda, na kunna aci-balbal na turara shi har ya yi baƙi ƙirin.

"Maigida, ba wannan ne likita ya hana a rediyo ba?" in ji uwargida.

Na ce mata likita da jahilai yake.

Mangwaron tsakar gidanmu ya tare gabas, sai na aro tsani a maƙwabta na haye kwano. Wanda ya san zafin Maris a Suleja ya san abin da na zauna a kai. Wajen ƙarfe goma haske ya fara yin wani irin fari-fari mara ƙarfi, iska ta ɗan yi sanyi, kaji suka nufi akurki suna ƙunƙuni. Na manna gilashin a fuska. Na gan ta, wallahi na gan ta: rana ta koma kamar jinjirin watan Shawwal. Sai zufa ta sa yatsana ya goge hayaƙin daidai saitin idona, haske ya soke ni, na saki gilashin. Ya gangara kan kwano yana ƙara, ya faɗa gidan maƙwabci ya tarwatse.

A daidai nan lasifikar masallacin unguwa ta ɗauka: "Assalatu jami'a!" Maza suka yi ta fita da buta. Na laluba bakin kwano da ƙafa, babu tsani. Yaron mai tsanin ya zo ya ɗauke kayansu, ya kulle a shago, ya tafi salla da makullin a aljihu.

Sallar husufi raka'a biyu ce, amma kowace raka'a ruku'u biyu gare ta, kuma sunna ce a tsawaita karatu. Limaminmu mutum ne mai riƙo da sunna. Ya ɗauko Baƙara. Ina zaune a sama wata ya saki rana, ta dawo da ƙarfinta duka, kwano ya fara gasa ni ta ƙasa tana gasa ni ta sama, liman kuwa bai kai ruku'un farko ba.

Daga ƙasa nake jin shewar yara. Na leƙa da ido ɗaya. Ashe uwargida rariyar tatar koko ta ɗauko, mai manyan huji, ta riƙe a kan farar takarda, ga 'yan jinjirayen rana birjik. Ƙarƙashin mangwaron da na guda ma haka, duk inda haske ya ratso ganye ya zana lauje a ƙasa. Hajiyarmu na kan tabarma da carbi, tana kallo ba tare da ta ɗaga kai ba.

"Inna, a taimaka a nemo tsani," na ce.

Ta dube ni, fuska duk baƙin hayaƙi, ta ce, "Kai da ka ce ba ka da lafiya? Zauna ka sha rana, tana maganin mura."

Sai dab da azahar aka sauko da ni, jama'ar da suka fito daga masallaci suna taya riƙe tsani, cikinsu har da wani abokin aikina da shi ma jikinsa ba daɗi ranar. Muka yi wa juna sannu. Har magariba ɗigon kore na yawo a idona, na biya kuɗin gilashi, na kuma ba maƙwabci haƙuri.

Masana sun ce ranar 20 ga Maris, 2034, cikakken husufi zai sake ratsa Najeriya. In Allah Ya kai mu, ku nemi tabarau na musamman da aka yi don kallon rana, ko ku ari rariya a madafi, ku zauna a ƙasa.