Barka da Juma'a Ta Cinye Ma'ajiya

Google na ba kowa gigabait 15 kyauta, kuma Gmail da Drive da Photos duk a kwano ɗaya suke ci. Shekara da shekaru WhatsApp na jibge ajiyarsa a Drive ba a lissafa masa. Tun farkon 2024 aka fara lissafi ga masu Android. Shi ke nan, sai jan gargaɗi: ma'ajiya ta cika.

Tambayi ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Lafia abin da ya cika tasa, zai rantse takardun karatu ne. Buɗe ka gani: bidiyon kamun 'yar maƙwabta, wa'azi ɗaya da aka turo a zaure huɗu, da hoton fure mai "barka da Juma'a" da kawu ke aikowa kafin asuba. Kawu bai taɓa fashi ba, ko an kwana babu wuta.

Abin haushin, in ta cika imel ba ya shigowa, ko da na kiran aiki ne. Wani sai ya garzaya kasuwa ya sayo sabuwar waya, ya shigar da tsohon adireshinsa, gargaɗin ya riga shi isa.

Gyaran bai kai kuɗin acaɓa ba. A saitin ajiyar WhatsApp, kashe haɗawa da bidiyo. A Drive ta kwamfuta, shiga sashen kula da manhajoji ka share ɓoyayyun bayanan waɗanda ka daina amfani da su. Sannan zubar da kwandon shara, don abin da ke cikinsa yana cin wuri har kwana 30.