Yadda Kyankyaso Ya Cinye Mini Suna

A cikin jitar da aka haɗa da hannu akwai 'yar takarda manne a jikin katakon baya, daidai saitin ramin da sauti ke fita. A kanta mai aikin yake sa sunansa da garinsu da shekarar da ya gama, wani har da lamba da sa hannu. Antonio de Torres, mutumin Almeriya ta ƙasar Sifen da ya rasu a 1892, wanda a kan fasalinsa ake yanka jitar gargajiya har gobe, har sunan layin da shagonsa yake yakan buga a tasa. To ni ma da na kusa gama jitata ta farko da katakon maɗaci, a rumfar wani dattijon kafinta a unguwarmu, sai na ga ba abin da Torres ya fi ni da shi illa takarda.

Lokacin da na ɓata a shagon kwamfuta ina tsara takardar nan ya fi wanda na ɓata a kan wuyan jitar, kuma wuyan yana nan a ɗan karkace don shaida. Na sa aka yi mata gefe mai furanni. Na sa aka rubuta sunana da manyan baƙaƙe masu lanƙwasa, a ƙasa kuma "Lamba 001". Sifiri biyun nan da gangan na sa su, don duniya ta san ɗaruruwa na tafe. Yaron shagon ya duba ya ce, "Oga, katin ɗaurin aure ne?" Ban kula shi ba.

Na iso rumfa ina taƙama, Baba kafinta ya karɓi takardar, ya dube ta, ya dubi jitar, ya ce, "Malam, ai wannan ihu ne bayan hari." Ashe tun kafin a rufe cikin jita ake manna ta, lokacin da katakon baya yake shimfiɗe a kan teburi, mutum ya auna, ya shafa, ya danne da abu mai nauyi. Ni kuwa na riga na rufe tawa ruf. Hanyar da ta rage ita ce ramin, faɗinsa bai kai santimita 9 ba, hannuna kuma na mai cin tuwo ne.

Na naɗe takardar, na lafta mata farin gam na kafinta, na tura da hantsaki. Takarda idan ta sha ruwan gam kumbura take yi ta nannaɗe, tawadar ƙaramar firinta kuwa ba ta ga maciji da danshi. Ina haskawa da fitilar waya ina kallon sunana yana narkewa harafi bayan harafi, furannin suka bi shi. Masu sana'ar gam ɗin fata suke dafawa, su shafa shi siriri a takarda mai ƙwari, don ko an yi kuskure ruwan ɗumi zai sake shi. Ni da tsinken tsire da jiƙaƙƙen tsumma na yini ina kankare abin kunyata. A 1862 Torres ya haɗa jitar da bayanta da gefenta duk na kwali ne, don ya nuna cewa katakon fuska ne ke ba da murya, kuma tana nan a gidan tarihin kiɗa na Basalona. Wani ya yi rabin jita da takarda, ni na kasa manna takarda a jita.

Aka sake bugawa da babbar na'ura mai tawadar gari, aka rage girma. Uwargida ta ce in bar gam ɗin nan, ta dama mini sitacin rogo. Hannu kuma na ari na autarmu, na yi mata alkawarin alewa. Tana ciki har gwiwar hannu ina ba da umarni: gaba kaɗan, hagu, danne. Ta ce, "Baba, ta zauna." Ta zauna kuwa, lafiya lau, kanta a ƙasa. Uwargida ta leƙa ta ce, "Maigida, ba laifi, sai dai mai karatu ya tsaya da ka." Na ce salo ne.

Damina ta shigo, na rataye jita a bayan ƙofa. Wata rana na ɗauko na kaɗa tsirkiya mai kauri, sai na ji wani ziza a ciki da ban sa shi ba. Na girgiza, kyankyaso ya fito ba ko gaggawa. Sitaci abinci ne, wannan kowace mace a gidan ta sani, ba wadda ta ga dalilin faɗa mini. Ya cinye sunana da na mahaifina, ya taɓa garinmu, ya bar mini sifiri biyu tsaf.

Na rarrashi kaina da tarihi. Stradivari ya rasu a 1737, amma masana'antun Jamus sun yi ta liƙa sunansa a cikin dubban gogen Turawa bayan ya daɗe a ƙasa, don haka takarda ba shaida ba ce. Kamfanin Martin na Amurka ma a jikin katako yake buga tambarinsa, yana ba kowace jita lamba tun 1898. Na kawo wa Baba kafinta wannan hujja, ya ce su waɗancan ko ba suna ana sayen kayansu.

Jita ta biyu tana kan hanya, kuma wannan karon na riga kowa: na manna takardar tun katakon bai ga zarto ba. Jiya Baba ya ɗora ma'auni ya zana fasalin, takardar ta faɗo a ɓangaren da za a yar.