Gatarin Kakana da Sule Biyu

Damina ce ta rushe katangar bayan gidanmu na gado. Muna haƙar ƙasa za mu kwaɓa tubali, sai diga ta doki wani abu ya ce ƙwal. Na sa hannu na zaro shi. Ruwan gatari ne, ba ƙota, tsatsa ta ci shi har ya yi kama da ƙosan da aka manta a kasko. Yaron da ke taya ni aiki ya ce in ba shi ya kai wa 'yan gwangwan. Na harare shi.

Ni malamin makaranta ne, kuma na taɓa cin jarrabawar Tarihi da maki mai kyau. Asalin masifar ke nan. Garinmu ba shi da nisa da Gaya, kuma kowa ya san labarin maƙerin nan mai suna Kano da aka ce daga Gaya ya tafi gindin Dala neman tama. Masana sun ce tun ƙarni na 7 ake narka ƙarfe a Dala. A Taruga kuwa, kusa da Abuja, mutanen Nok sun hura matoyar tama ƙarnuka kafin haihuwar Annabi Isa. Ina tsaye cikin taɓo da singileti, sai na ji ina riƙe da tarihin ƙasar Hausa a tafin hannuna.

Da daddare na hau intanet. Gatarin Turawa ido ne da shi, ƙota ce ke shiga cikinsa. Namu kuwa wutsiya ce da shi mai tsini, shi ke shiga cikin kan ƙota. Nawa yana da wutsiya, wato na gida ne. Amma a tsakiyar ruwansa akwai wani ɗan rami da yatsa zai shiga. Na juya shi, na haska da fitilar waya, har ƙarfe biyu na dare, sai amsa ta faɗo mini: harsashi. Ranar 3 ga Fabrairun 1903 Turawa suka ci Kano, kuma lalle wani kakana yana wurin, ya ɗaga gatari ya tare harsashin da aka nufi ƙirjinsa.

Washegari na faɗa a majalisa, da sharaɗin kada a bari ya fita. Kafin Isha labarin ya dawo mini ta bakin mai shayi, ya ƙara ƙiba: harsashin ya zama uku, kakan nawa kuma ya samu doki. Gwaggona ta aiko a ce in yi nesa da shi, gatarin aradu ne. Na aika mata cewa gatarin aradu na dutse ne. Ta ce ai tun ina yaro ba na jin magana.

Sai gyara. Na karanta cewa tsami na cin tsatsa, na kwashe tsamiyar da uwargida ta tanada don kunu, na jiƙa a roba, na tsoma gatarin kwana uku. Ya yi aiki kuwa, tsatsar sama ta saki. Mai hankali da nan zai tsaya, ya goge da buroshin waya, ya shafa mai. Ni kuwa na ga wata dabara ta lantarki: a narka sinadarin wanki a ruwa, a haɗa baƙar waya da abin da ake son tsabtacewa, jar waya kuma da wani ƙarfen banza wanda zai sha wahalar. Kanwa 'yar'uwar sinadarin ce, saboda haka kanwar uwargida ma ta bi tsamiya. Na aro cajar batir wurin maƙwabcina mai Keke Napep, na tsoma guntun rodi, na haɗa wayoyi, ruwa ya fara kumfa, na tafi makaranta ina jin kaina injiniya.

Da na dawo, rodin ya fito tas kamar sabo. Gatarin kuma ya ƙara ramewa. Na juya wayoyin ne.

Ban karaya ba. Na je shagon mai walda na ce ya ba ni injin gurza, da kaina zan wasa, don kayan tarihi ba a ba kowa. Na danna bakin gatarin a dutse, tartsatsi na tashi, har bakin ya koma shuɗi kamar wuyan tattabara. Na ce wannan alamar ƙarfen da ce. Mai walda ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi tabarau ɗina, ya fasa.

Ƙota kuwa, akwai wata tsohuwar taɓarya a bayan madafa. Na yanke ta, na huda, na buga wutsiyar ciki, na tsiyaya Super Glue kwalba biyu don ƙarin tabbaci.

Ranar Asabar na tara 'yan majalisa a tsakar gida, na ajiye gungumen darbejiya. Saran farko, bakin gatarin ya lanƙwashe kamar murfin gwangwanin madara. Sara na biyu na ɗaga da ƙarfi, sai na ji ƙotar ta yi sakayau a hannuna. Kowa ya kwanta. Ruwan gatarin ya tsallake igiyar shanya ya sauka a cikin randar da uwargida ta zo da ita gidan aure.

Ta fito ta dubi ruwan da ke malala. "Malam, tsamiya, kanwa, taɓarya, randa. Saura me, in kawo maka da kaina?"

A ranar na je maƙera, wadda ke bayan masallacinmu, taku ɗari biyu daga ƙofar gidana. Tsohon maƙerin ya karɓa, ya ƙwanƙwasa shi a kan uwar maƙera, ya kasa kunne.

"Wa ya kashe masa baki?"

"Baba, ni ne."

"Ɗan boko, ƙarfe in ya yi shuɗi ya saki taurinsa. Sai an sake gasa shi an tsoma."

Na gyara murya na nuna masa ramin, na fara bayanin 1903. Ya bar ni na kai har wurin doki. Sannan ya kira jikansa da ke kan zuga-zugi ya ɗauko masa wani dogon ƙarfe daga kusurwa. Sifirin ɗin mota ne. A tsakiyarsa ga rami, yatsa zai shiga.

"Nan ƙusar da ke ɗaure su take bi. Wannan na wata tsohuwar Bedford ce da ta mutu a tasha. Ni na ƙera shi, ina saurayi, shekarar da aka daina fam aka koma naira."

Wato 1973. Yayana ma ya girme shi.

Ya zuba gawayin ƙirya, ya gasa bakin har ya yi ja, ya daidaita shi da masaba, ya tsoma a ruwa ya ce cuu. Ya ɗauko ƙotar marke mai ƙulli a kai, ya gasa wutsiyar ya soka ta ciki, hayaƙi ya tashi, itacen ya rungume ƙarfen. Duka bai kai lokacin da na ɓata ina neman cajar batir ba.

Na sa hannu a aljihu zan biya, sai ya ce in dakata, akwai tsohon lissafi. Kakana, Allah ya jiƙansa, ya karɓi gatarin nan da cikon sule biyu, ya ce sai ranar kasuwa.

Na yi dariya na ce kwabo ashirin ke nan, Baba, yanzu ko a banki ba a samunsa.

Bai yi dariya ba. Ya ce shi bai san kwabo ba, a zamanin sule biyu zakara yake saya da su, kuma ja ya fi so.