Mai Harbin Taga da Wake

A wani tsohon hoto da John Topham ya ɗauka a gabashin Landan wajen 1931, ga wata mata, Mary Smith, tsaye a bakin titi da sassafe. Ta cika kumatu da iska, ta ɗaga wani siririn bututu sama, kai ka ce algaita take busawa. Ashe busasshen wake take harbawa a tagogin mutane.

Sana'arta ke nan. A zamanin agogon ƙararrawa yana da tsada, ga rashin amana, masu masana'antu kuwa ba ruwansu da uzurin makara. Sai lebura ya riƙa ba ta sisi duk mako, ita kuma ta yi ta zuba wa gilashinsa ruwan wake har ya leƙo da kwantsa a ido. Wasu abokan sana'arta doguwar gora suke ɗauka su ƙwanƙwasa tagar bene. Me ya hana su buga ƙofa kawai? Ai sai maƙwabci ya farka a kyauta, su kuwa ba sadaka suka fito yi ba.

Ni dai ta fi agogon wayata daraja a idona. Shi da ka danna shi sai ya yi shiru, ya bar ka da munsharinka. Baba Mary ba ta da wurin dannawa, kuma wake bai ƙare mata a aljihu ba.